Chadi Ta San Yawan Shanunta, Ba Ta San Yawan 'Ya'yanta Ba

Tsakanin shekarar 2012 da 2015 gwamnatin Chadi, da taimakon Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta aika ma'aikata rijiya-rijiya da mashaya-mashaya domin ƙidayar dabbobin ƙasar. Da sakamakon ya fito a N'Djamena sai ya girgiza masana da kansu: kimanin dabbobi miliyan 94, a cikinsu shanu kusan miliyan 25, tumaki wajen miliyan 26, awaki wajen miliyan 30, raƙuma fiye da miliyan 6. Kafin wannan aiki, alƙaluman da ma'aikatu da ƙungiyoyin duniya suke aiki da su sun samo tushe ne daga ƙidayar 1976, wadda ake ɗora wa ɗan ƙari kowace shekara bisa kirdado. A kan takarda shanun Chadi ba su kai miliyan 10 ba. Ke nan shekara da shekaru ana tsara allurar rigakafi, ana yanke shawarar inda za a haƙa rijiyar makiyaya, ana lissafin abin da kiwo yake kawo wa tattalin arziki, duk a kan garken da bai kai rabin na gaskiya ba.

Abin da ya sa wannan labari ya cancanci tunani shi ne, ƙidayar dabbobin ta fi ta mutanen ƙasar sabunta. Har zuwa ƙarshen 2024, rabon da a ƙidaya jama'ar Chadi tun 2009.

Tushen da komai ya hau kansa

Tarihin ƙidayar jama'a a Chadi gajere ne. Bayan samun 'yanci a 1960, an yi wani binciken samfuri a 1964 wanda bai game ƙasar duka ba, daga nan yaƙe-yaƙe suka cinye kusan shekara talatin. Sai a 1993 aka yi cikakkiyar ƙidaya ta farko, aka sami mutum kimanin miliyan 6.3, da kusan dubu 530 a N'Djamena. Ta biyu ta zo a 2009, ta nuna mutum miliyan 11 da 'yan kai, babban birnin kuwa yana dab da miliyan ɗaya. Ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shimfiɗa ita ce a yi ƙidaya duk bayan shekara goma. Bisa wannan, ta uku ta kamata a 2019. An yi ta sanar da shiri, an yi ta ɗagawa, har shekarar 2024 ta ƙare ba a shiga gida-gida ba.

Saboda haka duk wanda ya ce mutanen Chadi miliyan 18 ne, ko miliyan 20, hasashe yake karantawa. An ɗauki adadin 2009 ne, an ninka shi da saurin ƙaruwar da aka gani tsakanin ƙidayoyin biyu, wato wajen kashi uku da rabi cikin ɗari a shekara, sannan aka yi 'yan gyare-gyare. Hasashe irin wannan ba laifi ba ne, kowace ƙasa tana yin sa tsakanin ƙidaya da ƙidaya. Sai dai yana aiki ne idan duniya ta zauna yadda aka bar ta, Chadi kuwa ba ta zauna ba. A 2011 rugujewar Libiya ta koro dubban 'yan Chadi gida. A 2013 da 2014 rikicin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya turo wasu ta kudu. Hare-haren Boko Haram sun tarwatsa garuruwan bakin Tafkin Chadi, har suka iso N'Djamena a 2015. Daga Afrilun 2023 yaƙin Sudan ya kwararo da mutum fiye da dubu 700 ta gabas, mafi yawansu ta garin Adré, a kan dubban ɗaruruwan 'yan Darfur da suke sansani tun 2003. Babu wani lissafin ninki da zai iya hango waɗannan.

N'Djamena kanta shaida ce. Wanda ya san birnin a 2009 ya san cewa unguwannin gefe, irin su Walia da Toukra a hayin kogin Chari, ko Diguel da abin da ke bayanta, ba haka suke ba. Gidaje sun cinye fadamu da gonaki. Lokacin da Chari da Logone suka cika suka batse a watan Oktoban 2022, suka shafe sassan gunduma ta tara, masu agaji sun tarar da jama'ar da taswirar ƙidaya ba ta san da zamansu ba. A ambaliyar 2024, wadda ta taɓa mutum kusan miliyan biyu a faɗin ƙasar, an sake komawa ga ƙirga tantuna da rubuta sunaye a gurguje.

A nan ne ɗalibin ƙididdiga ya kamata ya tsaya ya lura. Kusan kowane ma'aunin ci gaba kaso ne, kaso kuwa yana da sama da ƙasa. A sama akwai abin da aka yi, a ƙasa akwai yawan waɗanda ya kamata a yi wa. A ƙaddara wata unguwa wadda takarda ta ce tana da yara dubu goma, ma'aikatan lafiya suka yi wa dubu tara allura. Rahoto zai ce an kai kashi 90 cikin ɗari, a yi murna. Idan yaran unguwar a zahiri dubu goma sha biyar ne, to kashi 60 aka kai, kuma yara dubu shida suna nan ba kariya, ba kuma wanda yake neman su, domin a takarda dubu ɗaya kacal suka rage. Ma'aikacin bai yi ƙarya ba, mai haɗa rahoton ma bai yi ba. Tushen ne ya tsufa. Haka abin yake ga yawan yaran da ke makaranta, da yawan likitoci ga jama'a, da kuɗin shiga na kowane mutum. Hatta binciken magidanta, wanda ake zaɓen 'yan dubban gidaje su wakilci ƙasa, daga jerin yankunan ƙidaya ake zaɓen gidajen. Idan jerin ya tsufa, sabuwar unguwar talakawa ba ta da ƙofar shiga samfurin yadda ya dace.

Darasin man Doba

Akwai alƙaluman da ba sa tsufa a N'Djamena. Gangar man da ta fita, da kuɗin da ya shiga baitulmali, da bashin da ake bin ƙasa, waɗannan ana bibiyarsu wata-wata, domin akwai masu tambaya waɗanda ba a iya ce musu su dawo gobe: Asusun Ba da Lamuni na Duniya, da babban bankin ƙasashen tsakiyar Afirka, da masu bin bashi. Ba abin zargi ba ne a san waɗannan. Abin dubawa shi ne irin hoton da suke bayarwa idan su kaɗai aka kalla.

A 2003 man fetur ya fara gudana daga rijiyoyin Doba a kudu, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru. A 2004 jimillar arzikin cikin gida na Chadi ta ƙaru da fiye da kashi 30 cikin ɗari a shekara guda, abin da ba kasafai ake gani ba a ko'ina. Wanda ya tsaya ga wannan adadi zai ɗauka ƙasar ta tsallake. Amma binciken lafiya da aka yi a wannan shekarar ya nuna cewa cikin kowane yara dubu da aka haifa, wajen 190 ba sa kai shekara biyar, kuma cikin haihuwa dubu ɗari, mata fiye da dubu ɗaya suke rasa rai. Alƙaluman biyu duka gaskiya ne. Ɗaya yana auna abin da ya fita ta bututu, ɗayan yana auna abin da ya faru a ɗakin haihuwa.

Bankin Duniya ya shiga aikin bututun ne bisa wata doka ta 1999 wadda ta ware mafi yawan kuɗin man ga ilimi, lafiya, hanyoyi da raya karkara, ta keɓe kashi 10 ga al'ummar da za ta zo nan gaba, da kashi 5 ga yankin da ake haƙar man, aka kuma kafa kwamitin sa ido. A Disambar 2005 gwamnatin Idriss Déby ta sauya dokar, ta soke asusun 'yan baya, ta sa tsaro cikin fannonin da za su ci kuɗin. Ba a rasa hujja ba, domin 'yan tawaye sun shigo N'Djamena a Afrilun 2006, suka sake shigowa a Fabrairun 2008. A Satumbar 2008 bankin ya janye. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ko da an bi dokar sau da ƙafa, tsarin ya fi ƙarfi wajen ƙirga kuɗin da aka kashe fiye da auna abin da kuɗin ya haifar. An iya cewa an gina aji kaza da asibiti kaza. Ko akwai malami a ajin, ko yaron da ya fito ya iya karatu, wannan sai a jira bincike na gaba, bayan shekara shida ko bakwai. Da farashin mai ya faɗi a 2014, tattalin arzikin ya tsuke a 2016 da 2017, aka zabtare alawus na ma'aikata, makarantu suka yi ta yajin aiki. A 2018, da Bankin Duniya ya fitar da ma'auninsa na jarin ɗan Adam, Chadi ce ta zo ta ƙarshe cikin ƙasashe 157.

Wannan shi ne abin da Mahbub ul Haq na Pakistan da Amartya Sen na Indiya suka hango tun 1990, lokacin da suka kawo ma'aunin ci gaban ɗan Adam, wanda ya haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga. Chadi tana cikin 'yan ƙasashen ƙarshe a wannan jeri shekara bayan shekara.

Yadda ake karanta adadin talauci

Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, wadda aka fi sani da INSEED, tana da aikin da ya cancanci yabo, musamman idan aka dubi ƙarancin abin hannunta. Jerin bincikenta na rayuwar magidanta, ECOSIT, shi ne madubin talauci a ƙasar. Na 2003 zuwa 2004 ya nuna kimanin kashi 55 cikin ɗari suna cikin talauci. Na 2011 ya nuna 46.7. Na 2018 zuwa 2019 ya nuna 42.3. Na 2022 ya nuna an koma baya zuwa 44.8.

Mai gaggawa zai jera waɗannan ya ja layi ya ce talauci ya ragu. Akwai tarko biyu. Na farko, kaso yana iya sauka alhali yawan mutanen yana hawa. A 2011 talakawan sun kai miliyan 4.7, a 2018 kuwa sun kai wajen miliyan 6.5, saboda haihuwa ta fi ragin sauri. Minista yana iya tsayawa ya ce talauci ya ragu, ɗan adawa ya ce talakawa sun ƙaru, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Na biyu, binciken 2018 an yi shi da sabuwar hanya wadda aka daidaita da ta ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa, tambayoyin sun sauya, yadda ake auna abin da gida ya ci ya sauya. Kwatanta shi kai tsaye da na 2011 kamar auna gero ne yau da tiya, gobe da mudu, sannan a ce hatsi ya ƙaru. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da koro a Kasuwar Gero ta N'Djamena ya san cewa kafin a yi ciniki sai an ga kwanon.

Maƙwabta sun ga irin wannan. A 2014 Nijeriya ta sauya shekarar da take gina lissafin arzikinta a kai daga 1990 zuwa 2010, sai jimillar ta tashi daga wajen dala biliyan 270 zuwa 510 a dare ɗaya, ta wuce Afirka ta Kudu. Babu buhun shinkafa ɗaya da ya ƙaru a gidan kowa a Kano a wannan dare. Ghana ta ga ƙarin kashi 60 ta wannan hanya a 2010. Haka kuma adadin marasa aikin yi a Nijeriya ya sauko daga kashi 33 a ƙarshen 2020 zuwa wajen kashi 4 a farkon 2023, saboda an sauya ma'anar wanda ake kira mai aiki. Masanin tarihin tattalin arziki Morten Jerven ya rubuta littafi guda a 2013 a kan raunin irin waɗannan alƙaluma a Afirka, kuma har yau ba a rushe hujjarsa ba.

Sai matsakaici, wanda ya fi kowa iya ɓoye gaskiya. Layin talaucin 2018 ya kama kimanin sefa dubu 242 ga mutum a shekara, ƙasa da sefa 700 a rana. A birane kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake ƙasa da shi, a karkara kuwa kusan rabi. Wanda ya zauna a N'Djamena ya kalli kwalta da dogayen benaye bai ga Chadi ba, kamar yadda adadin ƙasa baki ɗaya ba ya gaya wa kowa halin da ake ciki a Guéra ko Mandoul.

Yaron da ba a rubuta ba

Ƙasashen da alƙalumansu suka yi ƙarfi ba da bincike suka gina su ba. Da rajista suka gina su: a haifi yaro a rubuta, mutum ya mutu a rubuta. A Chadi binciken 2014 zuwa 2015 ya gano cewa kashi 12 cikin ɗari kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Na 2019 ya nuna an kai wajen kashi 26. Ci gaba ne, amma har yanzu uku cikin huɗu ba sa cikin littafi. Rajistar mutuwa ta fi wannan rauni nesa, domin ana binne mamaci a ranar, kuma babu abin da zai kai iyalinsa ofis sai in akwai gado ko fansho. Shi ya sa adadin mata masu rasuwa wajen haihuwa, wanda binciken 2014 zuwa 2015 ya sa a 860 cikin dubu ɗari, ba daga asibitoci aka tattaro shi ba. Tambayar mata aka yi game da 'yan'uwansu mata da suka rasu. Hanya ce mai hikima, amma tana ba da labarin shekarun baya ne, kuma ba ta iya nuna gundumar da abin ya fi tsanani.

Me ya sa mutane ba sa zuwa a rubuta su? Nisa da kuɗin mota suna ciki. Akwai kuma abin da ya fi su daɗewa. A wannan yanki, mai littafi da alƙalami ya fara zuwa ne domin haraji da jangali da aikin tilas. Makiyayi ya koyi rage yawan shanunsa idan an tambaye shi, magidanci ya koyi ɓoye 'ya'ya maza. Tawayen da ya buɗe ƙofar yaƙin basasar Chadi ya faro ne a Mangalmé a 1965, kuma a kan zaluncin masu karɓar haraji ya faro. Ga kuma al'ada, domin a ƙasar Hausa da maƙwabtanta uwa ba ta son a ƙirga mata 'ya'ya, ga tsoron baki, ga kunyar ɗan fari. Ma'aikacin ƙidayar da bai san wannan ba zai cika takardarsa, amma ba da gaskiya ba.

Masu mulki ma suna da nasu tsoron. Ƙidaya tana raba kujeru da kuɗi, kuma a ƙasar da batun kudu da arewa bai taɓa kwanciya ba, kowane adadi yana da masu jiran sa da sanda. Nijeriya ta soke ƙidayar 1973 ɗungurungum, ta 2006 kuwa har yau ana gardamar yadda Kano ta ɗara Legas. Amma rashin ƙidaya ba ya kashe gardamar. Yana mayar da ita inda babu alƙali, kowa ya faɗi yawan mutanensa yadda ya ga dama.

Akwai masu cewa ƙasar da mutum ɗaya cikin goma ne yake samun lantarki, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a 2022, ba ta da rarar kuɗin da za ta zuba a ƙirga. A haƙa rijiya da kuɗin, in ji su, ai an san ana ƙishirwa. Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa wani lokaci ana fakewa da bincike a guje wa aiki. Sai dai rijiyar ma sai an zaɓi inda za a haƙa ta, kuma idan babu adadi, mai dogon hannu ne yake zaɓa. Ƙauyen da ba shi da ɗa a ma'aikata ba shi da wata hujja da zai kai N'Djamena face yawan mutanensa.

Abin da ya fi dacewa a soka shi ne yadda aka bar ƙididdiga a hannun masu ba da tallafi. Kusan kowane babban bincike a Chadi yana jiran Bankin Duniya, ko asusun yara, ko asusun yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen taken, saboda haka ana auna abin da ake buƙata a rahoton muradun ci gaba na 2030, masu ma'auni fiye da 230, alhali fataucin shanu da ƙafa zuwa kasuwannin Nijeriya, wanda dubban gidaje suke ci daga gare shi, mafi yawansa ba ya shiga littafin kowa. Ƙasar da ta iya biyan kuɗin zaɓen raba gardama a 2023, da na shugaban ƙasa da na majalisa a 2024, ba za ta ce ƙidaya ta fi ƙarfinta ba. Kamata ya yi kasafin kuɗi ya ɗauki nauyin INSEED a kai a kai, doka ta ɗaure ranar fitar da kowane rahoto yadda ba sai minista ya ga dama ba, a kuma kai rajistar haihuwa inda haihuwar take, wato ɗakin shan magani da gidan mai unguwa da ranar suna, maimakon a jira uba ya yi tafiyar yini zuwa ofis. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Larabcin Chadi da Sara da Kanembu da Fulatanci da Hausa, gunduma-gunduma, domin rahoton Faransanci mai shafi ɗari uku ba ya isa ga waɗanda aka ƙirga.

Ƙidayar dabbobin ta riga ta nuna cewa aikin yana yiwuwa har a inda ya fi wuya. An bi makiyaya zuwa mashayarsu, an yi magana da shugabanninsu, an lura da lokacin da garke yake taruwa. Irin wannan dabara ake buƙata ga mutanen rugage, da na tsibiran tafki, da na sansanonin gabas, da na unguwannin da suka tsiro a bayan Walia. Kusan rabin mutanen Chadi ba su kai shekara goma sha biyar ba, wato bayan ƙidayar 2009 aka haife su, kuma mafi yawansu ba su da takardar haihuwa. Na farkonsu za su cika shekara 18 a 2027.